Amsoshin Tambayoyinku: Harafin da Ya Wanke Littafin Bashi

Tambayar wannan mako ta fito ne daga Ɗan Barto, garin nan na bakin iyaka da ke kan hanyar Matameye zuwa Daura. Wani matashi mai bibiyar wannan fili ne ya aiko, ga abin da ya ce:

"Assalamu alaikum Malam. Ina koyon harshen Python a wayata da daddare bayan mun rufe shago. Babana yana sayar da hatsi da kayan masarufi, kuma mutane suna yawan ɗaukar kaya bashi, wasu da sefa, wasu da naira. Sai na rubuta ƴar manhaja da za ta riƙa ajiye sunan mai bashi da kuɗinsa a fayil. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk ranar da na sa sabon suna sai na tarar na jiya sun ɓace, na ƙarshen kaɗai ya rage. Kwanan baya na je Matameye na gwada ta a kwamfutar wani abokina mai Windows, sai ta tsaya da jan rubutu tun a layin farko, da na duba fayil ɗin kuma babu ko harafi ɗaya a ciki. Layin da nake amfani da shi shi ne open("bashi.txt", "w"). Wayar ce ta lalace, ko ƙwayar cuta ce ta shiga? Kuma mene ne bambancin r da w da a da r+ da nake gani a darussa?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya yi wa kasuwar Baba albarka, ya kuma saka maka da wannan himma. Kwantar da hankalinka, wayarka lafiyarta lau, babu wata ƙwayar cuta. Da ka aiko da layin nan ka riga ka kawo mai laifin har gida. Harafin w ɗin da ke ƙarshensa shi ne yake share maka sunayen jiya, kuma yana yin haka ne domin aikin da aka ƙirƙire shi ya yi ke nan.

Ka san yadda ake yi a makarantar allo. Idan ɗalibi ya kiyaye karatunsa, malam ya ce ya je ya wanke, sai ya kai allon bakin ruwa ya wanke shi tas, ya jingina shi ya bushe, sannan a rubuta sabon darasi. Wankin yana zuwa kafin rubutun. Ko da bayan wankin tawadar ta zube, ko alƙalamin ya karye, tsohon karatun dai ya riga ya tafi. To w haka yake. A daidai lokacin da kwamfuta ta aiwatar da umarnin buɗewa, tun kafin ka rubuta komai, take mayar da tsawon fayil ɗin sifili. Nan ne masu koyo da yawa suke tuntuɓe, domin suna zaton sharewar tana faruwa ne sa'ad da aka zo rubutu. Ko ka buɗe da w ka rufe nan take ba ka sa ko ɗigo ba, abin da ke ciki ya salwanta. Idan kuma babu fayil mai wannan suna, sai w ya ƙirƙiro sabo. Shi ya sa ranar farko komai ya tafi maka daidai, har ka ga kamar aikin ya kammala. Sai rana ta biyu da akwai abin wankewa, sannan halinsa ya bayyana.

Za ka iya tambaya, me ya sa aka yi shi da wannan hali? Waɗannan haruffa sun girmi Python nesa. Sun fito daga harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka wajen 1972, kuma umarnin fopen mai ɗauke da r da w da a ya bazu tare da bugu na bakwai na tsarin Unix a 1979. Farkon kalmomin Turanci ne guda uku: read, wato karanta, write, wato rubuta, append, wato ƙara a ƙarshe. Idan a lakol da Faransanci aka koya maka, su ne lecture da écriture da ajout. Mutanen wancan lokaci mafi yawan manhajojinsu suna fitar da sakamako ne sabo fil duk lokacin da aka kunna su. Ka ce jiya sakamakon layi ɗari ne, yau kuma layi sittin. Da ba a wanke allon ba, sai layuka arba'in na jiya su maƙale a ƙarƙashin na yau, mai karatu ya ɗauka duk abu ɗaya ne. Wankin ya yi maganin wannan. Ni dai a ganina sunan ne bai kyautu ba. Harshen Pascal, wanda Niklaus Wirth ya fitar a 1970, ya kira irin wannan buɗewa rewrite, wato sake rubutawa, kuma wannan suna ya fi gaya wa ɗan koyo gaskiyar abin da zai faru. Guido van Rossum da ya fitar da Python a 1991 sai ya gaji haruffan C yadda suke, PHP ma haka, shi ya sa abin da za ka koya yau zai yi maka amfani a harsuna da dama.

Littafin bashi kuwa ba allo ba ne. Duba yadda Baba yake yi da kayensa, wato littafin da yake rubuta bashi a ciki. Idan mai ƙosai ta aiko a ba ta tiya biyu ta wake, yana buɗe littafin ne ya nemi inda rubutu ya tsaya, ya rubuta a ƙarƙashi. Harafin da ke yin wannan shi ne a. Yana buɗe fayil ba tare da ya taɓa abin da ke ciki ba, duk abin da ka rubuta kuma a ƙarshe yake sauka; idan babu fayil ɗin, ya ƙirƙiro shi kamar yadda w yake yi. Saboda haka gyaran matsalarka ta farko sauya harafi ɗaya ne tak:

with open("bashi.txt", "a", encoding="utf-8") as f:
    f.write("Lahadi;mai ƙosai;5000;sefa;ta ɗauka\n")

Ka lura da alamar \n ta ƙarshe. Ita ce ke sauko da alƙalami zuwa sabon layi. Umarnin write ba ya saukowa da kansa, don haka idan ka manta da ita, bayanin gobe zai manne a jikin na yau. Idan kuma lamba ce ta ƙare layin yau, wata lambar ta fara na gobe, sai su haɗe su zama kuɗin da babu wanda ya taɓa ci. Ka kuma lura na ware wa nau'in kuɗi gurbinsa. A gari irin naku, inda mutum zai sayi kaya a kasuwar Mai'aduwa da naira ya tsallako ya sayar da sefa, lamba 5000 ita kaɗai ba ta faɗi komai ba. Jika biyar ta sefa daban, naira dubu biyar daban.

Harafin r ba shi da dogon bayani. Karatu kawai yake yi, ba ya barin ka rubuta, kuma idan fayil ɗin babu shi sai manhaja ta tsaya ta ce FileNotFoundError. Idan ba ka sa kowane harafi ba, Python shi take ɗauka, kuma wannan zaɓi ne na hankali, tunda ba ya iya ɓata komai. Duk sashen manhajarka da aikinsa nuna jimillar bashi ne ko neman sunan wani, da r za ka buɗe, ko da kana ganin ba za ka yi kuskuren rubutu ba.

Yanzu mu koma abin da ya faru a Matameye, domin a nan abubuwa biyu ne suka haɗu, kuma na biyun ya shafe mu Hausawa fiye da yadda ya shafi waɗanda suka rubuta darussan da kake karantawa. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lambobi take ajiyewa, kowane gurbi ana ce masa bayit. Dole a sami tsarin da zai ce wane harafi ne yake daidai da wace lamba. Wayarka ta Android tana amfani da tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, kuma yana iya ɗaukar haruffan harsunan duniya, har da namu masu lanƙwasa: ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Windows ta Turanci ko ta Faransanci kuwa, idan ba ka gaya wa Python tsarin da kake so ba, ta saba miƙa mata wani tsohon tsari mai suna cp1252. Wannan tsari yana da é da è da ç na Faransanci, amma babu ko ɗaya daga cikin haruffanmu huɗu. Na tabbata layinka na farko yana da ɗaya daga cikinsu, wataƙila ma sunan garinku ne ka sa a matsayin kanu, tunda da Ɗ yake farawa. Ga yadda abin ya jeru: w ya buɗe fayil ya wanke shi, manhaja ta zo rubuta Ɗ, tsarin ya ce bai san shi ba, sai ta faɗi da saƙon UnicodeEncodeError. An wanke allo, tawada ta zube. Shi ya sa ka tarar da fayil fayau.

Maganinsa shi ne ɗan guntun nan encoding="utf-8" da ka gani a misalina. Ka sa shi duk lokacin da ka buɗe fayil na rubutu, wajen karantawa da wajen rubutawa, a waya da kwamfuta. Idan ka sa wajen rubutawa ka manta wajen karantawa, za ka ga abin da kowane mai karanta Hausa a intanet ya taɓa gani: ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—, Ɗan Barto ya zama ÆŠan Barto. Dalili kuwa, UTF-8 yana ajiye kowane ɗayan haruffan nan a bayit biyu, shi kuma tsohon tsarin sai ya karanta kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa. Wasu idan suka ga haka sai su haƙura su riƙa rubuta d da k da b tsirara. Ina roƙonka kada ka bi su. A littafin da ake rubuta sunayen mutane da kaya, bambancin ƙafa da kafa, ko ɓari da bari, ya isa ya jawo gardama, kuma gyaran bai wuce kalmomi biyu a layi ɗaya ba.

Sai masu alamar ƙari, irin r+ da ka tambaya. Alamar + tana nufin ka buɗe ƙofa biyu, karatu da rubutu a lokaci guda, amma ba ta sauya halin harafin da ke gabanta. Wannan ne abin riƙewa. Shi w+ yana wanke allo kamar w, sai dai yana barin ka karanta abin da ka rubuta bayan wankin. Mutane da dama sun yi hasarar bayanai saboda sun ga + sun ɗauka tsohon rubutun zai tsira. Shi a+ ba ya wanki, rubutunsa kullum a ƙarshe yake, amma a Python yana ajiye ka a ƙarshen fayil tun daga buɗewa, don haka idan ka ce ya karanta sai ya dawo maka da babu. Ka tuna tsinken da ɗalibi yake bin layi da shi in yana karatu. Fayil ma yana da irin wannan tsinke, wurin da karatu ko rubutu na gaba zai fara, kuma da umarnin seek ake matsar da shi. A a+ sai ka mayar da tsinken farko da seek(0) kafin ka ga komai.

Wanda na fi son ka yi hattara da shi shi ne r+, domin kamar mai hankali yake. Ba ya wanki, ba ya ƙirƙirar fayil, yana ajiye tsinke a farko, yana barin ka rubuta ko'ina. Masu koyo suna zaton zai yi musu irin na manhajar buga takardu, inda in ka sa kalma a tsakiya sauran su matsa su ba ta wuri. Fayil ba ya matsawa. Sabon rubutu hawa kan tsoho yake yi, bayit bisa bayit. Ka ce mai ƙosai ta kawo kuɗi, bashinta ya sauko daga 5000 zuwa 750. Ka kai tsinke kan lambar, ka rubuta 750. Haruffa uku sun hau kan uku na farko, sifilin ƙarshe yana nan zaune. Yanzu littafin yana cewa ana bin ta 7500, kuma manhaja ba za ta yi ko tari ba, domin a wurinta babu kuskuren da aka yi. In kuma sabuwar lambar ta fi tsohuwar tsawo, sai ta cinye alamar da ke raba gurbi da gurbi. Ga kuma haruffanmu masu bayit biyu: tsinke na iya sauka a tsakiyar ƙ ya raba ta, fayil ɗin ya ƙi karantuwa. Akwai inda r+ yake da amfani, wato fayil ɗin da kowane bayani a cikinsa yake da tsawo ɗaya ƙayyadadde, amma naka ba irinsa ba ne.

To yaya za a yi idan mutum ya biya? Shawarata ita ce kada ka gyara tsohon layi sam. Ka ƙara sabon layi da a, mai cewa ranar kaza ta biya kaza, sannan manhaja ta buɗe da r ta tara abin da aka ɗauka ta cire abin da aka biya. Haka masu lissafin kuɗi suke yi tun kafin a san kwamfuta, kuma dalilinsu shi ne ranar gardama. Idan wani ya zo ya ce shi ya biya tun kafin sallah, lamba ɗaya da aka yi ta gogewa ana sake rubutawa ba za ta raba ku ba. Jerin ranaku da adadi shi zai raba. Ka san aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Abin da kake ginawa amanar mutane ce ta ɓangare biyu, haƙƙin Baba da haƙƙin wanda ake bi, shi ya sa na tsaya a kan wannan wuri fiye da yadda darasin kwamfuta zai tsaya.

Akwai harafi na huɗu da ba ka ambata ba, x, wanda ya shigo harshen C a ƙa'idar 2011, ya shigo Python a bugu na 3.3 a 2012. Yana ƙirƙirar sabon fayil ne kawai. Idan ya tarar akwai mai wannan suna sai ya ƙi, ya ce FileExistsError. Idan kana so ka riƙa buɗe sabon littafi kowane wata, da shi za ka buɗe, don kada kuskuren suna ya sa ka wanke na watan jiya. Akwai kuma b da ake liƙawa, kamar rb ko wb, don abin da ba rubutu ba: hoton rasit, murya, takardar PDF. A yanayin rubutu Python tana fassara bayit zuwa haruffa, a Windows kuma tana sauya alamar ƙarshen layi daga bayit ɗaya zuwa biyu. Wannan taimako ne ga rubutu, ɓarna ne ga hoto. Da b babu fassara, abin da ka ba ta shi take ajiyewa. Ka sani wb ma yana wanki.

Saura maganar wuta. Idan ka ce write, ba lallai ne rubutun ya sauka cikin ma'ajiyar waya a take ba. Python tana tara shi a ƙwaƙwalwar wucin gadi, sai ya taru ko an rufe fayil sannan ta miƙa. Kalmar with da na fara misalina da ita, aikinta ke nan: tana rufe fayil da kanta da zarar an gama, ko da kuskure ya auku a tsakiya. Amma babu abin da za ta iya yi in batir ya mutu ko aka ɗauke wuta ana cikin aiki, kuma ku da kuka ga yadda lantarki ya yi wuya bayan Najeriya ta katse layin da ke kai wuta Nijar a watan Agustan 2023 ba sai an yi muku dogon bayani ba. Da a, mafi munin abin da zai faru shi ne ka rasa layin ƙarshe ko ya yanke. Da w kuwa kana iya rasa littafin gaba ɗaya, tunda an wanke tsohon, sabon bai sauka ba. Don haka duk ranar da ta zama dole ka sake rubuta fayil ɗin ɗungurungum, kada ka buɗe na ainihin da w. Ka karanta shi da r, ka rubuta gyararren a wani fayil daban, ka ce bashi_sabo.txt, ka rufe shi, sannan ka kira os.replace ta ɗora sabon a gurbin tsohon. In wuta ta ɗauke kafin wannan mataki na ƙarshe, tsohon yana nan lafiya. Nan gaba idan masu bashi suka yi yawa har fayil ɗin rubutu ya fara yi maka nauyi, ka nemi darasin SQLite, wanda yake zuwa a cikin Python da sunan sqlite3, yana kuma ɗauke maka mafi yawan wannan tsaro. Amma ka fara ƙwarewa a wannan tukuna.

Na san tambayar da ke ranka wadda ba ka rubuta ba: sunayen da suka ɓace za su dawo? Fayil ɗin da w ya wanke ba ya shiga kwandon shara, domin ba a goge fayil ɗin ba, cikinsa aka zubar, kuma a ma'ajiyar waya dawo da irin wannan abu ne mai wuyar gaske. Kada ka kashe kuɗinka wajen mai gyara a kan haka. Ka duba ko ka taɓa tura wa abokinka na Matameye fayil ɗin ta WhatsApp, domin wancan kwafin yana ɗauke da abin da ke ciki a ranar da ka tura. Sauran kuma ka zauna da Baba da kayensa ku sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya, tun abin bai yi nisa a ƙwaƙwalwa ba.

Kafin ka mayar da manhajar bakin aiki, ka yi gwaji da fayil ɗin wasa. Ka rubuta layi uku a ciki, ɗaya mai ɗauke da Ɗan Barto, ka buɗe shi da kowane harafi bi da bi, kana duba abin da ya rage bayan kowane buɗewa. Ka yi na 5000 da 750 ɗin nan da hannunka ka ga 7500 da idonka. Sannan ka bar Baba ya ci gaba da rubutawa a kayensa kamar wata guda, kullum da daddare kuna gwada jimillarsa da ta wayar, sefa daban, naira daban. Idan ka ga sun saɓa ko da dala ɗaya ce, ka aiko mini da layukan manhajar mu duba tare.